Kunyar Ɗumame: Ƙorafi a Kan Marubutanmu da Hunturun Gandu

A zangon karatun da ya gabata na ba ɗalibaina na darasin ƙagaggen labari wani aiki wanda na ɗauka shi ne mafi sauƙi a duk shekarar. Cewa na yi kowa ya rubuto mini shafi uku a kan safiya guda ta hunturu a gidan da ya tashi. Ban gindaya sharaɗin jigo ko salo ba, domin so nake in ga abin da idon kowannensu ya riƙe tun yana yaro. Da takardu suka dawo na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya, sai na rasa a wace ƙasa aka haifi waɗannan yara. A wannan takarda tauraruwa ta farka a kan gado mai laushi, ta danna ƙararrawa an kawo mata shayi da soyayyen ƙwai. A waccan tauraro ya leƙa ta taga yana shaƙar ƙamshin furanni. A wata kuwa dusar ƙanƙara ce take zuba a kan rufin gida, a wani ƙauye da mai labarin ya ce yana kan hanyar Kontagora zuwa Rijau.

Mai dusar ƙanƙarar nan shi na kira ofis. Na san ɗan manomi ne, domin duk damina sai ya nemi izinin kwana biyu ya je gida huɗa. Na ce masa, "Kai, da sanyin bara da ka je gida, da me kuke karyawa?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ɗumame, Allah ya gafarta Malam." Na ce, "To, ina ɗumamen a cikin shafi ukun nan?" Sai ya yi murmushi irin na wanda ake zolaya, ya ce, "Ai Malam, ɗumame ba ya shiga labari."

Wannan magana ita ce dalilin wannan rubutu. Ban ga laifin yaron sosai ba, domin ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Tsintar ta ya yi a littattafan da ya karanta da finafinan da ya kalla, kuma, in dai gaskiya za a faɗa, a azuzuwanmu mu malamai. Matsayina a nan shi ne: kunyar da marubutanmu matasa suke ji ta ambaton murhu da rumbu da tuwon jiya cuta ce da ta kama adabin Hausa, mu muka yaɗa ta, kuma ta kama shi ne daidai lokacin da gandun da ake jin kunyar tasa yake ƙoƙarin ɓacewa daga doron ƙasa.

Wane ne Hunturu?

Bari mu fara da raba gari da dusar ƙanƙara. Hunturu ba sanyin Turai ba ne da aka yi wa laƙabin Hausa. Busasshiyar iska ce da take kaɗowa daga arewa maso gabas, daga Sahara, ɗauke da ƙura wadda kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa. Takan fara wajen ƙarshen Nuwamba, ta yi ƙarfi a Disamba da Janairu, ta sassauta a Fabrairu. Da asuba sanyi ya hana taɓa ruwan randa, da tsakar rana hazo ya rufe rana amma gumi na iya karyo wa mai aiki, leɓe ya tsage, dunduniya ta yi faso.

A ƙasar Kontagora akwai wani abin lura kuma. Daminarmu ta fi ta Katsina da Sakkwato tsawo, saboda haka dawa da maiwa sukan makara a gona, har sanyi ya tarar da mutane da lauje a hannu. Ke nan a wurinmu hunturu ba lokacin naɗe hannu ba ne. A cikinsa ake yanka dawa a ɗaure damma a kwaso gida. A cikinsa ake sussuka, kuma iskar nan da take fasa leɓe ita ce take taya mata shiƙa. A cikinsa ake roron wake, a ɗaure harawa a ɗora a kan reshe saboda dabbobi, a sare kara a gyara danni, a yanko ciyawa a saƙa zana a sabunta jinka, a buga tubali tun da an tabbata ruwa ba zai sauko ya narkar da shi ba. Masu fadama su shiga lambu, samari kuma su fara ɗaure kayan cin rani.

Duk wannan aiki a ƙarƙashin gandu ake yin sa, wato tsarin da uba da 'ya'yansa maza, har masu aure, suke noma gona ɗaya, su ci daga rumbu ɗaya, maigida ya ɗauki nauyin ci da aure da sauran hidima, kowane ɗa kuma ya sami 'yar gayaunarsa da zai noma a nasa lokacin. Abin takaici, mai son karanta yadda wannan tsari yake gudana dalla-dalla, sai ya nemi Mary Smith wadda ta zauna gaban wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau ta rubuta Baba of Karo, wanda ya fito a 1954, ko Polly Hill wadda ta zauna a Batagarawa ta fitar da Rural Hausa a 1972. Baƙi sun ga abin rubutawa a tsakar gidanmu, 'ya'yan gida kuwa sun ce ba ya shiga labari.

Safiya Guda a Gidanmu

Tun da na ba wasu wannan aiki, adalci ne ni ma in yi shi. A wani ƙauye na yamma da Kontagora na tashi, a gandun kakana, kuma abin da zan faɗa na wajen ƙarshen shekarun 1980 ne.

Kafin ladan ya yi kiran farko Inna ta fito. Ba ta neman ashana, domin tun dare ta binne garwashi a cikin toka. Tonowa za ta yi, ta ɗora karmami, ta durƙusa ta hura. Tukunyar farko ta ruwan alwala ce, ta tsofaffin gida. Ta biyu ita ce ta ɗumame. Mai karatu ya lura, tuwon nan ba ragowa ba ne da aka rasa mai ci. Tun jiya da ta tuƙa ta ƙara gari da gangan, ta ware malmalar safe ta rufe da faifai. Lissafinta shi ne, a ranar sussuka babu wanda yake da lokacin surfe da niƙa da sassafe, ga maza za su fita gona kafin rana ta ɗaga, ba kuwa za a tura mutum cikin wannan iska da sanyin ciki ba. Wuta ɗaya ta daren jiya ta ciyar da gida sau biyu, itace ya yi auki. Sai ta yayyanka tuwon a tukunya, ta yayyafa ruwa, ta ɗumama miyar kuka wadda kwana ya ƙara wa daɗi, ta kankaro ƙanzo ta jiƙa wa mai so. A gefe kuma ga kunun tsamiya yana tururi, domin a hunturu ne tsamiya take nuna.

Mu yara muna tsugune kewaye da murhu, tafin hannu a gaban wuta, baya yana shan iska, ƙafafu furu-furu kamar an tsoma mu a toka. Man kaɗe ya daskare a cikin kasko kamar dutse, sai Inna ta kara shi a wuta ya narke, ta kamo mu ɗaya-ɗaya ta murje mana faso muna ihu. Da hantsi ƙarar sussuka ta cika gari. Da rana a yi maleji da dafaffen rogo ko dankali da ƙuli-ƙuli. Da la'asar taɓare su ɗauki lugude. Bayan isha a jawo kututture ɗakin kaka, a tura dankali cikin toka, a nan ne Gizo da Ƙoƙi suke fitowa, a nan ne ake kacici-kacici har barci ya kwashe na ƙarshe.

To, ina tambaya: mene ne a cikin wannan da ba ya shiga labari? Akwai maigidan da yake leƙa rumbu shi kaɗai yana ƙiyasta ko hatsin zai kai sabuwar kaka, ya fito yana murmushi don kada iyali su gane. Akwai kishiyoyi biyu da mudun awo ɗaya a tsakaninsu. Akwai ɗan da yake so ya fita daga gandu ya ci gashin kansa, ya rasa bakin da zai gaya wa ubansa. Akwai amaryar da aka kawo da kaka, wadda tuwonta na farko ya yi gudaji a gaban uwar miji. Wanda ya kasa ganin jigo da rikici da taurari a nan, sanya masa dusar ƙanƙara ba zai buɗe masa ido ba.

Tukunya Makaranta Ce

Masu raina girkin gandu suna ɗaukar sa jahilci ne da aka gada. Su zo mu buɗe tukunyar miyar hunturu mu gani. A lokacin nan daji ya bushe, babu ɗanyen ganye sai a lambu, amma miya ba ta yanke ba ko da rana ɗaya. Me ya sa? Domin kowane abu da ke cikinta an tanade shi ne a wani lokaci na daban. Kalwa tun bazara aka ɗebo ta, lokacin da ɗorawa ta nuna. Kaɗanya a farkon damina aka tsinto ta. Kuka da kuɓewa da barkono da yakuwa a ƙarshen damina da kaka aka shanya su. Macen da ta ɗora miya a Janairu, tun Afrilun bara ta fara haɗa ta. Wannan tsarin shekara guda ne cur, ba a takarda yake ba, a ka yake.

Ɗauki daddawa kaɗai. A dafa kalwa tsawon yini ko kwana har ta yi laushi, a surfa ta a cire ɓawo, a wanke, a sake dafawa, a zuba a kwando ko masaki a lulluɓe da ganye da tsumma, a bar ta kwana biyu zuwa uku ta ruɓa yadda ake so, sannan a kirɓa a mulmula a shanya. Masana kimiyya sun tabbatar wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, waɗanda suke kira Bacillus, suke wannan aiki, kuma ɗumi suke so. Inna ba ta taɓa jin sunansu ba, amma ta san idan sanyi ya yi yawa sai ta ƙara lulluɓi ta matsar da kwandon kusa da murhu. Ko ɓawon ɗorawar ba a zubarwa, shi ne makubar da ake daɓe da ita.

Wannan ilimi kuwa da kalmominsa yake tafe, kuma a nan ne abin ya shafe mu kai tsaye, mu da muke cin abinci da harshen Hausa. Na tambayi ajin nan bambancin shiƙa da bakace da tankaɗe, aka yi tsit. Na tambayi talge da tsaki da ƙasari da maburgi da mara, sai 'yan mata biyu-uku suka ɗaga hannu a kunyace, kamar an kama su da laifi. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da irin waɗannan kalmomi. Ranar da ɗan Bahaushe mai digiri a Hausa zai buɗe ƙamusun wani Bature ɗan mishan kafin ya gane abin da kakarsa take faɗa a madafi, ranar ta riga ta zo.

Ga wani abin da ya kamata ya sosa mana rai. A littattafan ilimin tsirrai na duniya, sunan dangin ɗorawa Parkia, an kuwa raɗa shi ne don tunawa da Mungo Park, Baturen nan ɗan yawon bincike da ya halaka a Kwara, a Busa, a 1806, wato nan kusa da mu, a garin da tafkin Kainji ya shanye a 1968. Ita ma kaɗanya ta daɗe tana amsa sunan parkii kafin a sauya mata. Itatuwa biyu da suke riƙe da tukunyarmu da fatar jikinmu a hunturu, duka an liƙa musu sunan baƙon da ya wuce ta gefensu. Matan da suka gano yadda ake mayar da kalwa daddawa, da yadda ake fitar da mai daga ƙwarar kaɗanya, babu sunan ko ɗaya daga cikinsu a ko'ina. Masanin tsirrai ba zai biya su wannan bashi ba. Marubuci ne kaɗai zai iya, shi kuwa ya ce kunya yake ji.

Daga Ina Kunyar ta Samo Asali?

Babu ƙasar da ta fi tamu haƙƙin yin magana a kan ƙagaggen labarin Hausa. A gasar da Rupert East ya shirya a 1933, biyu daga cikin littattafai biyar da suka yi fice 'ya'yan Kagara ne suka rubuta su, wa da ƙane: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, wanda tauraronsa mayaƙi ne na Kontagora a zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse. Na uku, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, daga Kagara labarinsa ya taso. Waɗannan magabata sun sha nonon tatsuniya, kuma Hausarsu ta gida ce tsantsa. To amma idonsu a kan fagen fama yake, da fada, da doguwar tafiya. Maza ne da suka ratsa Kwalejin Katsina, madafi kuwa a bayan gida yake. Ban zarge su ba, kowa da zamaninsa. Sai dai hanyar da suka share ta zama gwadabe, har aka wayi gari ana zaton labari sai an bar gida yake farawa.

Da adabin kasuwar Kano ya ɓullo, mata suka ɗauki alƙalami, an sami damar gyara. Balaraba Ramat Yakubu ta nuna haka a Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, inda kuɗin cefane da ba ya isa ya zama ginshiƙin bala'in gida, tukunyar sayar da abinci kuma ta zama abin da mace ta tsaya a kai da ƙafarta. To amma muhawarar da aka tafka a jaridu a shekarun 1990 ta fi karkata ga soyayya da tarbiyya, masu kwaikwayo kuma suka ɗauki motoci da falo suka bar murhu. Haka aka gangaro har zuwa labaran da ake rubutawa a wayar hannu, inda tauraruwa ba ta cin komai sai abin da sunansa yake da wuyar faɗa.

Mu malamai kuma muka zo muka sa hatimi. Mun raba fanni uku, harshe da adabi da al'ada, muka jefa tuwo da miya cikin al'ada, inda ɗalibi zai jero sunayen "abincin gargajiya" a kundin digiri kamar mai ƙirga kayan mamaci. A darasin adabi kuwa sai mu cika allo da sunayen mazhabobin tarke. Idan Ranar Hausa ta zo, 26 ga Agusta, sai a zuba tuwo a akushi a ɗauki hoto, a tashi a tafi cin wani abu daban. Yaron da ya ga haka shekara huɗu, me zai hana shi yanke hukuncin cewa ɗumame kayan baje koli ne? Alhali a sashen Ingilishi da ke maƙwabtaka da mu ana koyar da Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958, mai cike da doya da sakwara da miyar ganye, har da hunturun kansa, an kuma fassara shi cikin harsuna fiye da hamsin. Achebe bai ji kunyar doyar ubansa ba, duniya kuwa ba ta raina shi ba.

Amsa ga Masu Suka

Na san abin da za a ce, domin an riga an faɗa mini a ɗakin shan shayi na malamai. Na farko, wai marubuci ɗan 'yanci ne, yana iya ƙaga abin da ya ga dama. Haka ne. Imam ma ya kai Alhaji Imam ƙasashen aljannu. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya san gida ya zaɓi tafiya, da wanda ya gudu don kada a san inda ya fito. Na farko ƙirƙira yake yi, na biyu ɓuya yake yi. Ɗalibina bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, saboda haka ko ita ɗin bai iya siffanta ta ba. Ya saki na hannu ya kama na guje, ya tashi a tutar babu.

Na biyu ya fi nauyi, kuma daga wata abokiyar aiki ya fito. Ta ce, "Dakta, kai da kake zaune gaban wuta kana jiran a zuba maka, dole ka ga daɗin abin. Ka tambayi wadda ta hura wutar." Na karɓi wannan gyara hannu bibbiyu. Idon Inna har yau yana ruwa saboda hayaƙin shekara arba'in. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a duniya. A hunturu ne kaskon wutar da aka kwana da shi a ɗaki yake lasar jinka, gobara ta cinye rumbun shekara cikin sa'a guda. A hunturu ne tari yake sarƙe ƙirjin jarirai. Yarinyar da take surfe da asuba ita ce ba ta zuwa makaranta. Duk gaskiya ne. To amma wannan hujja tawa ce, ba ta masu kunya ba. Ban ce a yi wa gandu kirari ba, cewa na yi a rubuta shi, da ɗuminsa da hayaƙinsa. Wahalar da ba a rubuta ba, ba a ganin ta, balle a yi maganinta. Tauraruwa mai danna ƙararrawa ba ta rage wa Inna ko taɓarya ɗaya ba, ɓoye ta kawai ta yi.

Na uku, wai masu karatu ba sa so, sun gaji da talauci a gida, hutu suke nema a littafi. Ban musa ba, akwai masu neman haka, kuma ga su nan ana yi musu hidima dare da rana. Amma wannan mujalla ba rumfar kasuwa ba ce. Idan a jami'a ma, inda ba a jiran cinikin kwafi kafin a ci abinci, ba za a gwada rubuta gaskiyar rayuwar mafi yawan Hausawa ba, to a ina za a gwada?

Abin da ke Kan Faifai

Da a ce gandu yana nan daram, da sai in ce a bar yara su yi wasansu, wata rana za su dawo. To amma ba haka abin yake ba. Jihar Neja ita ce ta fi kowace jiha faɗin ƙasa a Nijeriya, amma a 'yan shekarun nan manoma da yawa a ƙasashen Mariga da Rafi da Mashegu da maƙwabtansu sun bar gonaki saboda 'yan bindiga, wasu kuma sai sun biya kuɗi kafin a bar su su girbe abin da suka shuka. A watan Fabrairu na 2021, a Kagara, mahaifar Imam da Bello, aka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati aka kwashe ɗalibai da malamai. A watan Fabrairu na 2024 mata suka tare hanya a Kpakungu cikin Minna saboda tsadar abinci, a babban birnin jihar da take taƙama da noma. A gefe guda kuma masu gawayi suna bin kaɗanya da gatari, domin gawayinta yana da kyau, buhu-buhu ana lodawa zuwa birane. Itacen da yake shekara goma sha biyar ko fiye kafin ya fara 'ya'ya, a yini guda ake mayar da shi toka.

Gandun kakana ma ya watse. Rumbunan suna nan tsaye babu ko zangarniya. Inna tana wurina a cikin gari, tana auno dawa mudu-mudu, tana sayen daddawar da da ita take ba maƙwabta kyauta, tana jefa dunƙulen Maggi a miya tana tsaki. Jikokinta Indomie suke so da safe. Ban ce su koma ƙauye ba, ni ma ban koma ba. Abin da nake cewa shi ne, tsarar da ta san wannan rayuwa daga tushe har ganye tana ƙarewa, kuma ɗaliban da ke gabanmu su ne na ƙarshe da za su iya zama gabanta su ji daga baki. Idan suka yi shiru, to abin da bindiga da gatari suka fara, alƙalaminmu ne zai ƙarasa shi.

Kammalawa

Saboda haka ina da roƙo uku, kuma ba masu tsada ba ne. Ga editocin wannan mujalla: a ware wasu shafuka a fitowa ta gaba don rubutun da ya shafi gona da madafi, ko labari ne ko waƙa ko wasan kwaikwayo, kuma a auna shi da ma'aunin da ake auna saura, kada a yi masa sassaucin tausayi. Ga 'yan'uwana malamai: mu fito da tukunya daga darasin al'ada mu shigar da ita darasin adabi, mu daina ba da maki ga Hausar da aka yi tunaninta da wani harshe. Ga ɗalibai kuwa, musamman mata, waɗanda wannan ilimi yake hannunku kuna ɓoye shi kamar abin sata: damina ta sami Na'ibi Sulaiman Wali ya yi mata waƙa, ku kuma ga hunturu nan a gabanku. Idan hutun Disamba ya zo, wanda hanyar garinsu take biyuwa ya je, wanda tasu ba ta biyuwa ya nemi tsohuwarsu a inda ta yi hijira. Ku tashi lokacin da ta tashi, ku tambaye ta sunan kowane abu da ta taɓa, ku rubuta yadda ta faɗa.

Shi kuwa ɗalibin nan nawa, na mayar masa da takardarsa ba tare da na sa maki ba. Na ce ya je ya kawo mini ɗumamen, da wadda ta ɗumama shi, da abin da take tunani tana hura wuta. Ya karɓa yana kallona kamar bai yarda da gaske nake ba. Gurbin makinsa yana nan a buɗe a cikin rajista, ina jira.